Tsofaffin Kwamfutoci A Gwandu Da Kalgo: Yadda A Ke Sabunta Musu Babbar Manhaja Da Filash

Daga Wakilinmu

RANAR 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ce kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da babbar manhajar nan tasa mai suna Windows 10, bayan ta shekara goma tana aiki tun daga fitowarta ranar 29 ga Yuli, 2015. Wannan labari bai ta da wata ƙura ba a ƙasar nan, domin kuwa kwamfutocin da ke ɗauke da ita ba su mutu ba, washegari sun kunnu kamar yadda su ka saba. To amma fa abin da ya faru ya shafi duk wani ma'aikaci ko ɗalibi da ke da tsohuwar kwamfuta a hannunsa, domin ma'anarsa ita ce daga wannan rana kamfanin ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba aikowa kowane wata don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shigowa ta cikinsu.

A Jihar Kebbi, garuruwan Kalgo da Gwandu su na cikin wuraren da wannan magana ta ke da nauyi, ko da ya ke kowanne da irin nasa dalilin. Kalgo ta zama garin ɗalibai tun daga shekarar 2013 da Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda ta fara aiki a Kalgo, kuma mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe ba shi da makawa sai ya rubuta kundin bincikensa, kuma galibi a kan laftof ta hannu, wadda a ke kira 'yar Beljiyam ko tokumbo, ya ke rubuta shi. A Gwandu kuwa, ma'aikatan ƙaramar hukuma ne da malaman makarantu da masu shagunan buga takardu ke riƙe da irin waɗannan injuna. Tun daga shekarar 2015 da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, yaron da ke Gwandu ko Dalijan shi ma tilas ne ya san yadda a ke riƙe linzamin kwamfuta kafin ya shiga ɗakin jarrabawa, kuma sau da yawa a kan tsohuwar kwamfutar makaranta ko ta wani yayansa zai koya.

Idan irin wannan inji ya fara nauyi, ko ya ƙi tashi, maganar da a kan fara ji ita ce, a kai shi a yi masa fomatin. Mutane da dama su kan ɗauki wannan aiki tamkar wani sirri ne da sai mai gyara kaɗai ya sani. Alhali kuwa duk wanda ya iya karatu, ya kuma iya haƙuri, zai iya yin sa da filash guda ɗaya. Hatsarin da ke ciki ba a wuyar aikin ya ke ba. A gaggawa ya ke.

MECE CE BABBAR MANHAJA?

Kwamfuta ƙarfe ce da roba da wayoyi. Abin da ke sa ta gane cewa an danna harafi, ko ta nuna hoto a allo, ko ta aika da takarda zuwa injin bugawa, shi ne babbar manhaja. Windows ita ce wadda a ka fi sani a nan, amma akwai Linux, akwai kuma ta kamfanin Apple. Wannan manhaja ta na zaune ne a cikin rumbun ajiya na kwamfutar, watau had-disk, wuri ɗaya da takardun mai ita da hotunansa da duk abin da ya tara. Wannan zaman tare shi ne tushen yawancin asarar da a ke yi.

A da, da faifan CD ko DVD a ke ɗora ta. Yanzu kuwa laftof da yawa ba su da gurbin faifai, waɗanda ke da shi ma ƙura ta daɗe da kashe idon da ke karanta faifan. Shi ya sa a ka koma ga filash. Sai dai ba kwafe manhajar kawai a ke yi a zuba a ciki ba kamar yadda a ke zuba waƙoƙi. Sai an shirya filash ɗin ta yadda kwamfuta za ta iya tashi daga gare shi kai tsaye, ba tare da ta nemi abin da ke cikin rumbunta ba.

Kafin a kai ga nan, ya kamata mai karatu ya san cewa ba kowane ciwo ne fomatin ke magani ba. A wannan yanki namu zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Laftof ɗin da ke mutuwa da kanta bayan ta yi minti ashirin tana aiki, ƙasanta kuma ya yi zafi kamar dutsen guga, fankarta ce ta toshe, kuma ko sau goma a ka sake mata manhaja ba za ta daina ba. Wadda kullum a ka kunna sai an tarar kwanan wata ya koma baya da shekaru, ɗan ƙaramin batirin nan ne mai kama da kwabo da ke cikinta ya ƙare. Wadda kuma ke yin wani ƙara ƙas-ƙas daga ciki, tana tsayawa cak in an buɗe fayil, rumbunta ne ke shirin mutuwa, kuma abin da ya kamata a yi nan take shi ne a kwashe abin da ke ciki. Inda sabunta manhaja ke da amfani shi ne in ƙwayar cutar kwamfuta ta yi mata katutu, ko manhajar ta lalace saboda yawan ɗaukewar wuta, ko an sayo ta da tarkacen mai ita na farko, ko kuwa an sa mata sabon rumbu.

ABIN DA BA A SAYE A KASUWA

Kwamfuta in ta lalace a na iya sayen wata. Kundin digiri da a ka yi wata shida a na rubutawa, ko jadawalin albashin ma'aikata, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai na zango uku, ko hotunan mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya, waɗannan babu kasuwar da a ke sayar da su. Fomatin kuwa share rumbu ne. Saboda haka aikin farko, wanda ya fi duk sauran muhimmanci, shi ne kwashe kaya.

Kuskuren da a ka fi yi shi ne mutum ya kwashe abin da ke cikin ma'ajiyar Documents kaɗai ya ce ya gama. Akwai abin da ke kan fuskar allo, watau Desktop, inda yawancinmu mu ke jibge aikin da mu ke ciki. Akwai Downloads, inda takardar shaidar biyan kuɗin makaranta ta Remita da takardar shiga jami'a ke kwance. Akwai kuma kalmomin sirri da manhajar shiga intanet ta riƙe wa mutum shekara da shekaru har ya manta da su. Ɗalibin da bai san kalmar sirrin imel ɗinsa ba, kuma layin wayar da ya buɗe shi da shi ya ɓata, zai iya wayar gari ba shi da hanyar shiga shafinsa na makaranta ko na asusun bashin karatu na NELFUND da a ka buɗe a shekarar 2024. A rubuta su a takarda tun kafin a taɓa kome.

Bayan an kwafe, sai a ɗauki abin da a ka kwafe a kai shi wata kwamfuta dabam a buɗe fayilolin a gani da ido. Dalili kuwa shi ne akwai wata ƙwayar cuta da ta daɗe ta na yawo a filash ɗin ɗalibai da shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye fayiloli na ainihi ta bar inuwarsu kawai. Mutum zai ga sunan kundinsa, ya ɗauka ya na nan, sai bayan an share rumbu ya danna ya tarar babu kome. Abin da ya fi muhimmanci kuwa, kamar kundin bincike, a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a filash, ɗaya mutum ya aika wa kansa ta imel. Mutanen Gwandu ba baƙi ba ne ga wannan dabara. Littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke cikin garin, irin su Tazyinul Waraƙat, sun iso gare mu ne saboda almajirai sun yi ta kwafe su da hannu, kofe ya bazu a garuruwa, gara ko gobara ta ci wani ta bar wani.

To, idan kwamfutar ta riga ta ƙi tashi fa? A nan ne mutane da yawa ke fid da rai su amince a share kome. Bai kamata ba. In dai rumbun bai mutu ba, a na iya shirya filash mai ɗauke da Linux, a ta da kwamfutar daga gare shi ba tare da an ɗora kome ba, a buɗe rumbun a kwashe takardu, sa'an nan a yi fomatin. Mai gyaran da ya ce babu yadda za a yi tun bai gwada wannan ba, ko dai bai sani ba ne, ko kuwa ya na sauri ne ya karɓi aiki na gaba.

Sai dai akwai wani shinge guda. Laftof da yawa da su ka fito daga ofisoshin Turai, da kuma sababbi na yanzu, su na da wani makulli mai suna BitLocker da ke kulle rumbu gaba ɗaya. In ya na aiki, ba mai iya karanta abin da ke ciki daga waje sai da mabuɗinsa, wanda lambobi ne guda 48. Wanda kwamfutarsa ke tashi har yanzu ya duba ko makullin na aiki, ya nemi lambobin ya rubuta ya adana.

Ga ma'aikatan gwamnati kuma akwai ƙarin magana. Kwamfutar ofis dukiyar hukuma ce, bayanan da ke cikinta kuma amanar jama'a ce. Tun watan Yuni na shekarar 2023 ƙasar nan ke da Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Akawun da ya saɓi kwamfuta mai ɗauke da sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu na banki ya kai shagon bakin kasuwa, ya bar ta ta kwana can, ya yi ganganci babba ko da niyyarsa gyara ce. A nemi izinin shugaban sashe a rubuce, a yi aikin a cikin ofis, mai ita kuma ya na tsaye.

WACE ZA A ƊORA?

A nan ne tsohuwar kwamfuta ke shiga tsaka mai wuya. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, ta zo da sharuɗɗa. Ta na bukatar ram na gigabait 4, da rumbu mai gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro da a ke kira TPM 2.0, sa'an nan ƙwaƙwalwar injin, in ta kamfanin Intel ce, ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama, watau waɗanda a ka fara fitarwa wajen ƙarshen 2017. Gane zubin ba wuya. A dubi lambar da ke bin sunan ƙwaƙwalwar: i5-3320M zubi na uku ce, i5-6300U na shida, i5-8250U na takwas. Ke nan injuna irin su HP EliteBook 8470p da Dell Latitude E6430 da Lenovo ThinkPad T430, waɗanda a ka ƙera wajen 2012 kuma har gobe su na aiki garau a hannun ɗalibai, ba su cika sharaɗi ba. A ƙarshen shekarar 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 a duniya za su iya zama shara saboda wannan sharaɗi.

Akwai dabarar tsallake sharuɗɗan, kuma masu gyara sun san ta. Windows 11 ta kan hau irin waɗannan injuna ta yi aiki, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko musu da gyara ba. Waɗanda su ka fi tsufa kuwa, irin masu Core 2 Duo, fitowar Windows 11 ta ƙarshen 2024 ba ta tashi a kansu ko kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce a sake ɗora Windows 10, fitowarta ta ƙarshe mai lamba 22H2. Kamfanin ya buɗe wa masu amfani da ita a gida wani shirin ƙarin wa'adi na gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga wanda ya yi rajista da asusun Microsoft. Wannan jinkiri ne kawai. Kwamfutar da aikinta buga takardu ne, ba ta shiga intanet, za ta iya zama a kan Windows 10 shekaru ba tare da wata damuwa ba, muddin a na lura da filash ɗin da a ke soka mata. Amma wadda a ke shiga banki da ita, ko a ke aika bayanan hukuma, zamanta a kan manhajar da ba a gyarawa kasada ce. Masu karatu za su tuna da abin da ya faru a watan Mayu na 2017, sa'ad da wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, kuma waɗanda ta kama su ne waɗanda ba a sa musu gyaran da ya riga ya fito ba. Game da Windows 7 kuwa, wadda a ka daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020, abin mamaki ne a ce har yanzu akwai masu gyaran da ke ɗora wa mutane ita don wai ta fi sauƙi.

Hanya ta uku ita ce Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma kyauta ce, halal, ba lasisi ba kome. Ta na da iri-iri. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, da Linux Mint, su ne su ka fi sauƙi ga sabon shiga. Linux Mint 22 ta na iya tashi da ram na gigabait 2, an kuma yi alkawarin kula da ita har 2029, kuma ta na zuwa da manhajar rubutu da lissafi mai suna LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel. A ganinmu, ɗalibin da bukatarsa rubutu ce da karatu da shiga intanet, kuma injinsa bai kai zubi na takwas ba, wannan ita ce hanyar da ta fi masa. Amma gaskiya ɗaya ce, ba kowa za ta yi wa ba. Mai shagon da ke cin abinci da CorelDraw ba zai same ta a Linux ba, kuma tsarin shafi kan ɗan goce in a ka kai takardar LibreOffice cikin Word, abin da zai iya haɗa ɗalibi da malamin da ke duba kundinsa. Maganin wannan shi ne a mayar da takarda PDF kafin a kai bugawa.

SHIRYA FILASH

A nemi filash mai gigabait 8 ko fiye, wanda babu abin da a ke so a cikinsa, domin shirya shi zai share shi tas. A kuma yi hattara da na jabu. Akwai waɗanda a ka rubuta musu gigabait 32 ko 64 alhali cikinsu bai kai haka ba, su kan karɓi kaya kamar gaske su lalata shi. Irin wannan ne ke sa aiki ya tsaya a tsakiya bayan an riga an share rumbu. Wata ƙaramar manhaja mai suna H2testw ta na gwada gaskiyar filash.

Sa'an nan a sauko da manhajar daga shafin masu ita, ba daga wani wuri ba. Ta Windows ta haura gigabait 5, ta Linux Mint kuwa wajen gigabait 3 ce. Ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle inda sabis ke rawa. Dabara ita ce ɗalibai huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sauko da ita sau ɗaya, domin filash guda zai yi wa kwamfuta ɗari aiki. Microsoft na da tasa manhajar shirya filash, amma wadda masu gyara su ka fi amfani da ita ita ce Rufus, wadda Pete Batard ya fitar a 2011, kyauta. Akwai kuma Ventoy, ta shekarar 2020, wadda ke ba da damar a tara manhajoji da yawa a filash ɗaya.

Rufus za ta yi tambaya guda da ke rikita mutane: MBR ko GPT? Waɗannan hanyoyi biyu ne na tsara rumbu. Kwamfutocin da su ka girmi 2012 galibi su na tashi ne da tsohon tsari mai suna BIOS, wanda ke tafiya da MBR. Na bayansu su na da sabon tsari mai suna UEFI, wanda ke tafiya da GPT. In a ka zaɓi wanda bai dace ba, ko dai kwamfutar ta ƙi ganin filash ɗin, ko kuwa a yi nisa ta ce ba za ta iya ɗora Windows a wannan rumbu ba. Ba lalacewa ba ce. A koma a sake shirya filash ɗin da ɗaya tsarin.

RANAR AIKI

Maganar wuta ce farko. Aikin kan ɗauki daga rabin awa zuwa awa biyu, gwargwadon ƙarfin injin, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya sai an faro daga farko. Batirin yawancin laftof na hannu ya riga ya gaji. Saboda haka kada a dogara da wutar gari. A yi aikin inda a ke da sola ko janareta mai isasshen mai.

A soka filash, a kunna kwamfuta, nan take a yi ta danna maɓallin da ke fito da jerin wuraren tashi. A HP, F9 ne, ko a fara da Esc. A Dell da Lenovo da Toshiba, F12 ne. In tambarin Windows ya bayyana, an makara, sai a kashe a sake. Daga cikin jerin a zaɓi sunan filash ɗin. Idan bai fito ba, a shiga saitin injin, da F10 a HP ko F2 a Dell, a duba ko an hana tashi daga filash.

Daga nan tambayoyi ne masu sauƙi, na harshe da lokaci, har a iso inda za a zaɓi Custom. Shafin da ke biye shi ne wurin da ya kamata hannu ya yi sanyi. Za a ga jerin ɓangarorin rumbu, kowanne da girmansa, amma ba za a ga haruffan C da D da a ka saba gani ba. Mutane da yawa su kan raba rumbunsu biyu, manhaja a C, kaya a D, da nufin in an yi fomatin kayan su tsira. Dabara ce mai kyau, amma a wannan shafi girma ne kaɗai zai nuna wanne ne wanne. Saboda haka tun kafin a fara a rubuta girman kowane ɓangare a takarda. Wanda ya danna Delete a kan ɓangaren da ba shi ba, ya share shi ke nan, babu tambaya ta uku. In an riga an kwashe kome an kuma tabbatar, to ya fi tsabta a share ɓangarorin duka a bar manhajar ta tsara rumbun da kanta. In kuwa akwai shakka, a zaɓi ɓangaren tsohuwar Windows ba tare da an share shi ba. Za ta tattara tsofaffin fayiloli a wata ma'ajiya mai suna Windows.old, sai dai a kwashe su da wuri don ba ta daɗewa.

Bayan ta gama kwafe fayiloli kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta. A daidai nan a zare filash, in ba haka ba wasu injunan su kan koma farkon aikin, mai yi ya ɗauka bai yiwu ba ya sake sharewa.

BAYAN AN GAMA

Sabuwar manhaja kan tashi wani lokaci babu sauti, ko ba ta ganin intanet. Direbobi ne babu, watau ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da kowane sashe na injin. Mai hikima ya kan sauko da direban intanet na irin kwamfutarsa daga shafin kamfanin da ya ƙera ta tun kafin ya fara, domin da shi ne za a jawo sauran.

Game da lasisi, akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, har su ke biyan kuɗi a banza. Kwamfutocin da su ka fito daga masana'anta da Windows 8 ko sama da haka, watau daga 2012, lambar lasisinsu na ɗinke a cikin injin. Wadda kuma ta taɓa zama da halattacciyar Windows 10, da zarar ta shiga intanet za ta gane kanta, muddin irin wadda ta ke da ita a ka mayar mata, Home ko Pro. Lambobin Windows 7 da ke manne a ƙasan tsofaffin laftof kuwa sun daina buɗe Windows 10 tun watan Satumba na 2023. Manhajojin fasa lasisi da a ke yawo da su a filash hanya ce sananniya ta shigar ƙwayar cuta, kuma abin takaici ne mutum ya share kwamfutarsa don ya rabu da cuta, sa'an nan ya mayar da ita da hannunsa a ranar.

Wanda ke da ɗan hali, babu abin da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamar a cire tsohon rumbu mai juyawa a sa sabon iri da a ke kira SSD, a kuma ƙara ram ya kai gigabait 8. Injin da ke ɗaukar minti uku kafin ya tashi zai koma tashi cikin daƙiƙoƙi. Wannan hanya ta na da wata fa'ida kuma: tsohon rumbun da a ka cire ya na nan da kayansa ba a taɓa ba, sai a saya masa ɗan gida a riƙa soka shi kamar filash. In kuwa za a rabu da shi, a tabbatar an goge shi sosai, domin fomatin na gaggawa ba ya hana wanda ya san aiki dawo da fayiloli.

Abu na ƙarshe da masu gyara ba su cika tunawa da shi ba shi ne haruffan Hausa. Windows ta na da allon rubutu na Hausa a cikinta, haka ma Linux, wanda ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ ba tare da an sayi kome ba. A shiga saitin harshe, a ƙara Hausa, sa'an nan a riƙa sauyawa tsakaninta da Ingilishi daga ƙasan allo. Malamin Hausa da ke shirya takardar jarrabawa a Gwandu, da ɗalibin da ke rubuta kundinsa a Kalgo, ba su da sauran dalilin bin takarda da biro su na lanƙwasa kan haruffa bayan an buga.